Inna Ba Ta Mayar da Kwano Wayam

Daga Uwar Biyu zuwa ga Auta

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya baƙunta? Kada ki tsaya juya takardar nan kina neman wanda ya rubuta mini. Ni ce da hannuna, ni Uwar Biyu mai kitso, wadda a da ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce ban gaishe shi ba. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ce ta ce tunda makarantarku ta ungozoma ta hana 'yan shekarar farko riƙe waya, to wasiƙarki ta zama aikin gidana. In kin ga layi ya hau tudu ya gangara, ki yi haƙuri, hannun da ya saba da kibiyar kitso ne. Direban da ya kai ki, mijin Amarya 'yar ƙungiyarmu, shi zai riƙa kawo miki duk sa'ad da ya yi lodin wajenku.

Batun Inna, ki kwantar da hankalinki. Kin san dokar ƙungiyarmu ta Riƙe Mini: ba ma ba kowa kuɗi, don ba mu da su, lokaci muke bayarwa. Mace za ta tafi aji, wata ta riƙe mata goyo ko shago ko tukunya, ran da aka kira ta ita ma ta riƙe wa wata. Ke kin riƙe mini tagwayena kina wanke musu kashi da majina, ina can ina kokawa da baƙi da wasali. To yau ga ranarki.

Mun zauna mun raba Inna. Ni ce da safe, Shugaba da rana in ta taso daga shago, Mai Ɗinki kuma ita ke kwana. Da aka zo kan abin da Inna za ta riƙe wa wasu, kamar yadda doka ta ce, Shugaba ta ce haba, ina makauniya ina riƙo, a ɗauke mata. Kowa ya ce haka ne. Muka ɗunguma muka je muka gaya mata, muka ce ke dai Inna miƙe ƙafa ki huta, ko tsinke ba za ki ɗaga ba. Ta kawar da kai gefe. Muka ce daɗi ne ya hana ta magana.

Tana cin abinci, ba laifi. Sai dai jiya ta ƙi yarda Mai Ɗinki ta ɗiga mata maganin ido, wai hannunta warin man keke yake yi. Ni kuma ta ce tafiyata kamar ta saniya, tun daga bakin titi take jina. Ban ji haushi ba, mijina ma ya taɓa faɗa.

Na tambaye ta saƙonta, ta ce a ce miki ki yi abin da ya kai ki. Shi ke nan, ko gaisuwa ba ta ƙara ba, sai ni na ƙara mata.

Ki huta lafiya.
Antinki, Uwar Biyu.

*

Daga Auta zuwa ga Uwar Biyu

Wa alaikumus salam, Anti.

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida maigidan da 'yan biyuna, da Malama da Shugaba da duk matan ƙungiya.

Anti, sai da na karanta wasiƙarki na sake karantawa, ina dariya ina hawaye, har maƙwabciyar gadona ta tambaya ko saurayi ne. Na ce ya fi saurayi. Rubutunki ya fi na wasu likitocin da muke gani a nan, wallahi ba zolaya ba.

Ban san da wane baki zan gode muku ba. Lokacin da idon Inna ya rufe gaba ɗaya, na riga na haƙura da karatun nan. Baba ya rasu, Yaya yana can wata uwa duniya wurin neman abinci, sai ni. Ranar da kuka shigo gidanmu Shugaba ta ce, "Ɗaura kayanki, mun riƙe miki," ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Allah ya saka muku, ya riƙe muku naku.

Karatu da wuya amma da daɗi. Akwai wata 'yar tsana ta roba da muke koyon karɓar haihuwa da ita, ta sha faɗuwa a hannuna har na fara ba ta haƙuri. Ƙarshen watan gobe za a tura mu asibiti zangon gwaji. An ja mana kunne: duk wadda ta bar makaranta a zangon nan, ko da wane dalili, an soke sunanta, kujerarta ta zama ta wata.

Ga wasu 'yan abubuwa game da Inna. Kada a gusar da komai a ɗakinta, ko buta ce, da hannu take gane wuri. Kada a ja ta a tsintsiyar hannu, a bar ta ta dafa kafaɗa. Maganin idon ba zai dawo da gani ba, amma in ta daina, ciwon kai ke tasowa ya hana ta sakat. In ta yi faɗa kuma ku yi haƙuri. Mace ce da ta yi shekaru tana wanki da guga ta ciyar da mu, ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba.

Ki ce mata ina yin abin da ya kawo ni.

'Yarki mai godiya,
Auta.

*

Daga Inna zuwa ga Auta, da hannun Uwar Biyu

Auta, ina gaishe ki.

Inna ce ke magana, ni rubutu kawai nake. Ta ce in rubuta abin da ta faɗa, kada in sa gishirina.

Ta ce: lafiyata ƙalau. Ina ci, ina sha, ina sallah. Ki gaya wa matan nan su daina yi mini zarya a gida kamar an yi rasuwa. Wannan ta shigo ta ce sannu Inna, waccan ta shigo ta ce sannu Inna, sannun me, haihuwa na yi? Ruwan alwala ma sai an zuba mini. Jiya na lalubi tsintsiya, Shugabarsu ta fizge kamar na ɗauki wuƙa. Ni ba kayan wanki ba ce da za a riƙa miƙa ni daga hannu zuwa hannu. Ki yi karatunki, ban ce ki dawo ba.

Ta ce in tsaya nan. Na ce mata na tsaya, yanzu suna kawai nake sawa. Allah ya yafe mini, sunan zai yi tsawo.

Auta, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Abin ya fi yadda na gaya miki da farko. Mai Ɗinki ta daina kwana, tun ranar da Inna ta ce mata in gadon gidanta ne ke da kuɗin cizo ta faɗa a taimaka mata. Shugaba, da duk haƙurinta, ta fita tana share ido da bakin mayafi. Abincin da muke kawowa sai ta ce ta ƙoshi, in mun tafi ta jiƙa ɗan abin da ta samu. Magani kuwa sai ran da ta ga dama.

Shekaranjiya da hantsi ta kore ni, wai in je in yi wa mutane kitso in bar ta ta sha iska. Na yi zuciya na tafi, ban kai ƙofar gida ba na ji ƙarar murfin tukunya. Ashe ruwa ta ɗora a risho da kanta za ta wanke ɗankwalinta. Ya zube mata a ƙafar hagu. Mun kai ta asibiti a motar mijin Amarya, an wanke an naɗe, sun ce ƙunar ba ta yi zurfi ba, za ta warke in ta bari ana wankewa. In ta bari ɗin, nan gizo ke saƙar.

Ta rantsar da ni kada in gaya miki. Na kwana biyu ina juya abin. Amma uwarki ce, kuma mu muka ce mun riƙe. Ban rubuto don ki dawo ba, na rubuto don kada ki ji a bakin wani. Muna nan, ba mu saki ba, sai dai hannunmu ya fara rawa.

Yanzu tana tambayata wane irin suna ne wannan da ba ya ƙarewa. Na ce mata sabon hannu ne.

Mu kwana nan.
Inna, da Uwar Biyu.

*

Daga Auta zuwa ga Uwar Biyu

Assalamu alaikum, Anti.

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwar.

Na gode da kika gaya mini. Da kin ɓoye, shi ne zan riƙe ki a zuciya. Ki ba Mai Ɗinki da Shugaba haƙuri a madadina, kunya ta ishe ni. Kun bar shagunanku da gadajenku saboda ni, abin da kuka samu ke nan.

Na yanke shawara zan dawo. Ki gaya wa direba ya biyo ta nan a lodinsa na gaba, kafin a fara zangon gwaji. Na san abin da hakan ke nufi, na kwana ina kallon farar rigar da aka ba mu, ban ma taɓa sa ta ba. Amma yau ƙafa ce, gobe fa? In wani abu ya same ta, wace takardar shaida ce za ta share mini hawaye?

Ba laifinku ba ne, Anti, kuma ba ƙinku take ba. Ni na san Inna. Tun muna yara, in maƙwabta suka aiko mana da abinci, ba ta taɓa mayar da kwanon wayam ba. Ko sabulu ne rabin sanda, ko albasa biyu, sai ta saka. Akwai ranar da babu komai a gidan, ta riƙe kwanon mutane har washegari, ta karɓo rigar ɗansu ta wanke ta goge, ta ninke a ciki, sannan ta ce in kai. Yanzu kullum kwanonku na shigowa, ita kuwa ba ta da abin sakawa. Daga hannuna kawai za ta iya karɓa, don ni ta riga ta yi mini.

Kun yi iyakar yinku, Allah ya gani. Har abada ba zan manta ba.

'Yarki,
Auta.

*

Daga Uwar Biyu zuwa ga Auta

Auta, salamu alaikum, kuma ki zauna kafin ki karanta, in kina kan jakar ma ba laifi.

Ga direba nan ya zo kamar yadda kika ce, amma na hana shi ɗaukar ko ɗankwalinki sai kin kai ƙarshen takardar nan.

Na karanta wasiƙarki a taron ƙungiya, a tsaye, da ƙarfi, har Malama tana gyaɗa kai. Da na zo kan maganar kwano sai Shugaba ta dafe kai ta ce, "Mun yi wauta. Mu da dokarmu, mu muka karya ta." Gaskiyarta. Kowace mace a ƙungiyar nan ana riƙe mata tana riƙe wa wata, shi ya sa ba mai sunkuyar da kai in ta ga 'yar'uwarta. Inna kaɗai muka ware muka ce ba ta da abin bayarwa, kuma muka je har ɗakinta muka faɗa mata muna murmushi. Mu a ganinmu tausayi ne. Ashe mari muka yi mata, muka dawo muna mamakin kumburin.

To kin san Amarya ta shiga aji bana, kuma kin san ɗanta, wannan mai maƙogwaron da ake ji har bakin kasuwa. Duk wadda aka ba ta shi sai ta dawo da shi kafin a gama darasin farko. Ni kaina da na yi renon biyu a lokaci guda, na sallama. Amarya har ta fara cewa za ta haƙura da ajin sai ya yi wayo, mu kuwa mun san irin wannan haƙurin, ba a dawowa daga shi.

Washegari na saɓo yaron, Amarya na bina da jakar tsummokara tana salati. Ban yi wa Inna sannu ba. Na ce, "Inna, ƙungiya ta aiko ni. An riƙe wa 'yarki, doka ta hau kanki. Ga ɗan Amarya, za ta aji."

A raina na ce yau zan sha zagin da ban taɓa sha ba. Yaron na ta tsala ihu. Sai ta gyara zaman ƙafar mai ciwo ta ce, "Sai yau kuka tuna ni mutum ce? Miƙo shi."

Ta shafa shi tun daga kai har tafin ƙafa, ta ce wace marar kan gado ce ta ɗaure masa ciki tamau haka. Amarya ta ce ita ce. Ta sassauta masa, ta kifa shi a cinyarta tana ɗan bubbuga bayansa tana masa wata waƙa ƙasa-ƙasa. Ba zan yi miki ƙarya ba, bai yi shiru nan take ba, sai da ya gwada ta sosai. Ita ma ta gwada shi. Da Amarya ta dawo daga aji ta tarar da shi yana barci, ya dunƙule hannu a kan ɗan yatsan Inna. Yarinyar ta durƙusa za ta yi godiya da kuka, Inna ta ce ta tashi, gobe ta zo da wuri kuma ta ƙaro tsumma.

Yanzu ji inda abin dariyar yake. Makauniya ba ta reno ita kaɗai, dole da mai miƙo ruwa da mai kai tsumma wanki. To mu ɗin nan da take kora, mu ne 'yan aikenta. Shugaba guda, mai shago da ma'aikata, in kin ji yadda ake aikenta ɗauko hoda sai kin riƙe ciki. Ni har an ƙara mini girma, an ce tafiyar saniyata na tashin yaro, in riƙa cire takalmi a waje. Ta aika a kira Mai Ɗinki da kanta, ta ce ta dawo kwana don mai reno na bukatar barci, kuma ta zo da rigunan 'ya'yanta a ninke mata, don ninkinta abin kunya ne. Wannan shi ne ban haƙurin Inna, Mai Ɗinki ta gane, ta karɓa.

Ƙafa tana warkewa, kullum ana wankewa, don ta ce ba za ta riƙe ɗan mutane da gyambo ba. Magani safe da yamma, ita ke tuna mana. Abinci kuwa tana cinyewa, ta ce aikinta take ci.

Ban ce komai ya zama zuma ba. Jiya ma ta ce miyata kamar ruwan wanki. Amma ta shanye.

Na gaya mata na tona asirin ƙuna, na kuma gaya mata kin ɗaure kaya. Ta kira ni munafuka, na amsa. Sauran maganar tsakaninku ce.

Ni dai roƙona, kada ki sa mu ji kunya. Ban koyi rubutu don in rubuta miki sannu da dawowa ba.

Antinki,
Uwar Biyu.

*

Daga Auta zuwa ga Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Ina gaishe ki, ya ƙafa, ya reno? Anti za ta karanta miki wannan, na roƙe ta kada ta ƙara kada ta rage.

Na sallami direba ya tafi ba tare da ni ba, amma ban kwance jakar ba. Jibi zai sake biyowa, washegarinsa a tura mu asibiti. Matan nan sun yi mini abin da ba zan iya biya ba, na kuma yarda da duk abin da Anti ta rubuta. Amma daga bakinki nake so in ji. Ba "ki yi abin da ya kai ki" ba, wannan kin faɗa lokacin da kike ƙin cin abinci. Ki gaya mini gaskiya, Inna. In kin ce in zo, wallahi zan zo, ba zan taɓa yi miki gori ba.

'Yarki,
Auta.

*

Daga Inna zuwa ga Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Wannan karon na sa Amarya ta tsaya a kan Uwar Biyu, kada suna ya sake yin tsawo.

Kin ce gaskiya kike so. Ina kewarki, har abincin ba ya mini daɗi in na tuna ba ke kika zuba ba. Ga gaskiya ɗaya.

Ga ta biyu. In kika dawo, Amarya za ta ga 'yata ta zo, ta ji nauyin kawo mini yaron, ta zauna a gida. Akwai wasu biyu kuma da suka sa a tambaye ni ko ina da wuri. Kin ga ke nan ba kujerarki kaɗai za ki tashi a kai ba.

Matan nan sun aiko mini da kwano babba, Auta. Renon nan sabulu ne kawai na saka a ciki, bai cika shi ba. Ke ce sauran. Ki gama, ki dawo ki karɓi haihuwarsu da ta 'ya'yansu, sannan in mayar musu da kwanonsu kaina a sama.

Kwance jakar, ki sa farar rigar. Ki goge ta tukuna, kada ki ba ni kunya.

Yaro ya farka. Allah ya yi miki albarka.

Innarki.